Dodanniyar Darakta

Fim na huɗu ke nan da darakta yake ɗauka, kuma dodon ciki dai mace ce. 'Yan jarida sun yi rubutu har sun gaji, wai tsoron mata yake ji, shi ya sa kullum yake maƙala musu farata. Matarsa takan tsokane shi, "Wai Malam, me muka tsare maka ne?" Sai ya yi dariyar yaƙe ya sauya magana.

Ita ba faratan ne suka dame ta ba, jarumar ce. Yarinya ɗaya ce dodanniya a duk finafinan, kuma kafin a fara ɗauka sai ya kulle ɗakin kwalliya su biyu, ya fito ido jajur, ya dawo gida ya ƙi cin abinci. Ga wata doka da ya kafa: kada a kai 'yarsu gidan Umma, mahaifiyarsa, in ba ya nan. Tsohuwa mai fara'a da son hira! Matarsa ta ce a ranta lallai tsoro yake kada bakin Umma ya suɓuce ya tona masa asiri. Tana kallon aurenta yana zame mata, abin kuwa ya ci mata rai.

Ranar da ta ƙudura kama shi, ta rasa inda za ta bar 'yarsu, sai ta kai ta gidan Umma. Tsohuwa ta karɓe ta hannu bibbiyu. "Je ki abinki 'yata, ba sai kin yi sauri ba."

A wurin ɗaukar fim ta lallaɓa ta bayan fitilu, ta tsallake wayoyi, ta kara kunne a ƙofar ɗakin kwalliya. Muryar mijinta ce.

"A'a, ban da ihu. Tausasa murya. Shafa kan yaron, ki ce masa wasa za ku yi. Da ƙafarsa zai shiga akwatin. Sai ki zauna a kan murfin kina waƙa."

Jarumar ta ce, "Haba Darakta, wace mace ce za ta yi wa yaro haka? Masu kallo ba za su yarda ba."

Da ya sake magana, muryarsa ta koma kamar ta ƙaramin yaro.

"Ni ma ba wanda ya yarda da ni. Haka Umma take yi min, kuma har yau akwatin yana ɗakinta."