Ƙwayar San Tsahara

Tsahara ta dangwara kwalin ƙwaya a kan teburin Jibo mai magani, a tsakiyar kasuwar Illela.

"Jabu ka saida min. San nan har yau kwanciya yakai cikin rairayi."

Jibo ya rantse, ta ce ya riƙe rantsuwarshi. Ba ta gusa ba sai da ya ba ta mai ninkin ƙarfi a farashin ta da, ta kuma ƙi mayar masa da ragowar tsohuwar. Tun rasuwar mijinta ba a taɓa cin ta a ciniki ba.

Abin da mijin ya bari bai wuce sa ɗaya da amalanke ba, sai ɗansu Munkaila mai kora shi. A shekarun nan masu amalanke na garinsu, Tajaye, suka koyi murje wa dabba ƙwayar taramol a dusa, don ta wuni tana ja. Tsahara ke saye, Munkaila ke damawa. Ba ya barin kowa ya taɓa kwanon san.

San dai yana nan da nawarsa, amma lodi bai taɓa kwana a hanya ba. In taya ta nutse, Munkaila ya sa kafaɗa ya tura, ya sauke buhunan albasa shi kaɗai, ya dawo ko tuwo ba ya nema.

"Ƙarfin ubanshi," haka take gaya wa mata.

Da samari suka fara faɗuwa a gonaki, aka taru a ƙofar maigari. Wani ya ce laifin masu tsallako da ƙwayar daga iyaka ne, wani ya ce na jandarma ne. Malamin asibiti ya ce a bar ɗaure masu sha, magani suke bukata. Tsahara ta ɗaga murya daga bayan darni.

"Laihin uwaye na. Wadda ba ta san abin da ɗanta ka haɗiya ba, ita ya kamata a ɗamre. Nawa ko goro bai ci."

Wata ranar kasuwa aka kawo Munkaila kwance a kan amalanke, kumfa a baki. Tsahara ta ce iska ce ta buge shi a hanya. Ba wanda ya musa mata. Kafin la'asar an rufe shi.

Makoki ya watse, gero ya ƙare. Maƙwabcinta Salisu ya yarda ya kora amalanken. Da hannunta ta dama dusar a ranar, ta murje ƙwaya guda daga tsohon kwalin, wai kada a yi asararsa.

Da yamma Salisu ya shigo yana haki.

"Inna, mi kika ba san ga? Ko sanda ban ɗaga ba, har Illela da sassarfa, ya ƙi tsayawa."

Tsahara ta dafa bango, ta zauna kusa da kwanon. Ƙwayar Jibo ba jabu ba ce, yau ne san ya fara ɗanɗana ta.