Bangon Baba da Tabulon Kumandan

Shekarar fari, lokacin mulkin soja, Baba ya yi wa wani kumandan zanen bango irin na Damagaram a gidansa da ke unguwar Yantala. Ladansa buhun hatsi ne. Ranar da ya gama, ina tare da shi, kumandan ya fito da wani tabulo, allon zane da ya sayo a Faransa, fenti ja da baƙi kamar an watsa.

Ya ce, "Ke, yara ba sa ƙarya. Wanne ya fi kyau?"

Hannun Baba mai warin makubar shafen bango ya matse kafaɗata. Na kalli bindigar kumandan, na nuna tabulon. Ya kwashe da dariya, ya sa aka ba mu buhun.

A hanya Baba ya ce, "Kin kyauta," bai kalle ni ba. Har ya rasu ban gaya masa ƙarya na yi ba.