Ƙafafun da Aka Bari a Ƙarƙashin Kujera

Tunda ka ce aljihunka ba zai ɗauki kayan duka ba, kana neman wanda za ka rage, tsaya ka ji misalin wani mutum kafin ka shiga kasuwa. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana awon jakunkunan fasinjoji a filin jirgi, hannu a kan sikeli, ido a kan taga, har Allah ya sa ya sami gurbin koyon tuƙin jirgin sama bayan gemunsa ya soma furfura. Karatu bai ba shi wuya ba, tashi ma ba laifi, sauka ce ta ƙi shi. Malaminsa ya ce za a tafi hutun mako shida, in an dawo zai gwada shi sau ɗaya tak. In ya sauke jirgi lafiya ya ci gaba, in ya kasa a ba wani gurbin. Tun daga ranar zama ya gagari bawan Allahn nan, abinci ma a tsaye yake ci.

Sai ya ƙudura zai haɗa mazaunin matuƙi a shagon ƙofar gidansa, irin wanda ake jona wa kwamfuta, mutum ya yi ta tashi da sauka bai bar ƙasa ba. Abu huɗu ake nema: allo, sandar tuƙi, faifan maɓallai, da feda biyu da ake takawa a karkata hancin jirgi dama ko hagu. Shi kuwa ƙarfinsa na uku ne. Kwana tara ya yi yana zarya a layin masu kayan kwamfuta, ya taya wannan ya fasa, ya dawo ya tarar an sayar, ya ɗauki wancan ya kai bakin titi ya mayar. Rannan wani mai rumfa ya nuna masa wata sanda mai araha da ake murɗa kanta kamar famfo, ya ce murɗawar nan ita ce aikin feda. Bai kuma yi masa ƙarya ba, a kwamfuta haka take yi. Mutumin ya ji wani sanyi a ransa. Ya saye ta, rarar da za ta iya tafiya a feda sai ya ƙara alluna biyu na hannu da ita, ya ɗauki faifai mai fitilu ja da kore. Feda dai a ƙarƙashin tebur take zama, ba wanda zai shigo ya gan ta ya ce masha Allah.

Ɗakin ya yi kyau, wannan kam ba gardama. Maƙwabcinsa, wani tsohon tela mai keken ƙafa, ya leƙo wata hantsi ya tsaya yana kallo har aka sauka sau uku. Sannan ya ce, "Maƙwabci, hannu na aiki, ido na aiki. Ƙafafun nan fa, su ma hutun suka ɗauka? Ina da matakan tsofaffin kekuna biyu a ajiye. Ko ba a jona su da komai ba, sa su a nan ƙafa ta riƙa samun abin yi." Mutumin ya yi dariya, ya yi godiya, a ransa yana cewa ina jirgin sama ina keken ɗinki. Ya ci gaba da abinsa, safe da yamma, ƙafafu a harɗe a ƙarƙashin kujera, ɗaya na rawa don zaƙuwa. Iska ta buso ta gefe, ya murɗa. Hanci ya karkace, ya murɗa. Kafin hutu ya ƙare ya sauka ya fi sau ɗari biyar, kuma a makon ƙarshe ko sau ɗaya bai kauce wa layi ba. Ya koma makaranta yana jin babu kamarsa.

Ranar gwaji iska tana kaɗawa daga hagu, ba mai ƙarfi ba, irin wadda ya saba da ita a shago. Ya gangaro daidai, malamin na zaune a gefensa. Tayoyi na taɓa kwalta hancin jirgin ya nufi ciyawar gefen titi. Hannunsa bai tsaya shawara da shi ba, ya kama sanda ya murɗa. Sandar jirgin gaske kuwa ba ta murɗuwa. Ya ƙara murɗawa har wuyan hannunsa ya amsa, ciyawa na matsowa, fedar na nan dab da takalminsa bai taka ba. Malamin ne ya danna tasa fedar, ya ce, "Saki, na karɓa." Da suka tsaya ya kashe inji, ya daɗe yana duban ƙafafun ɗalibinsa, sannan ya ce, "Kafin hutu suna motsi, ko da a makare. Wa ya ɗaure maka su?"

Ya san ba kowa ba ne face shi kansa. Baƙin cikin da ya fi cinsa a hanyar gida shi ne da ma bai yi atisayen ba ko kaɗan, da watakila ya tsira da gurbinsa. Ya sauka a ƙofar gida da jakarsa, ya tarar tsohon telan na ɗinki a rumfarsa, kansa a sunkuye yana hira da mai kaya, ƙafafunsa na ta aikinsu ba tare da ya dube su ba.

Saboda haka in za ka rage, rage abin da ido zai yi sha'awa, ka bar wanda jiki zai koya. Hausawa sun riga sun faɗa, sabo turken wawa.