Takalmin Gwaggo Asabe

Tun da aka kafa dokar hana tsofaffi faɗuwa, duk wanda ya haura shekara sittin a Zariya dole ya sa takalmin hukuma, wanda ke manne wa ƙasa da zarar ya ji santsi.

Ranar da aminiyarta Kande ta rasu, Gwaggo Asabe ta fito da sauri don ta yi mata ganin ƙarshe. Tana isa bakin titi aka fara yayyafi, takalmin ya kafe. Ta ja, ta ja, ko motsi.

"Sai ƙasa ta bushe, Gwaggo," in ji wani ɗan sanda daga cikin rumfa. "Don lafiyarki ne."

"Lafiyata? Ni da na tashi ina ɗauko ruwa a rafi, tulu a ka, cikin taɓo, yau yayyafi ne zai ɗaure ni kamar akuya? Gawa za ta jira ƙasa ta bushe?"

"In kika cire, kin daina fita ke kaɗai."

Ta sunkuya ta kwance igiyar, ta taka ƙasa da tafin ƙafarta, ta wuce.

Tun daga kwana har ƙofar gidan Kande, takalma ne kafe a kan titi, babu kowa a cikinsu. Ta tarar ba a fita da gawar ba.