Ruwan Askin Elam

A hunturun da Elam ya mutu na rasa miji, na rasa dokin da ke jawo mana itace, na rasa lafiyar gwiwar hagu a kan ƙanƙarar ƙofar coci. Abin da na samu suna ne. Shekara bakwai, duk mai askin da ke wannan gaɓa ta kogin Konetikat, in bai shafa wa mutum ruwan Elam bayan aski ba, to ya yi sallama da mutumin.

Elam ne ke sare rassan wani ɗan itace da ake kira hazal a tudun bayan gida in sanyi ya kankama. Ya daddatsa, ya dafa a tukunyar jan ƙarfe cikin rumfarsa, tururi ya bi bututu ya riƙa ɗiga a kwalba. Ni nawa wanke kwalabe ne da liƙa takarda. Da ya rasu, mutane suka ce shi ke nan. Sati uku bayan jana'iza na dire wa Asa Spicer mai aski kwalba goma sha biyu a shagonsa. Ya zuba a tafin hannu, ya shinshina, ya shafa a wuya, sai hawaye, wai ya ji ƙamshin abokinsa. Maza ke nan.

A ƙetaren kogi akwai babban kamfani mai dogon bututun hayaƙi, shi ke sayar wa ƙasa gaba ɗaya ruwan hazal. Ƙasa gaba ɗaya ban da shaguna ashirin da uku nawa, abin kuwa ya tsaya musu a wuya. Suka turo wani Crane, saurayi mai takalmi kamar madubi, haɓarsa duk yankan reza.

"Inna, zuwa na yi mu taimake ki."

"Ban haife ka ba. Ka ce matar Elam."

Wai in ba su sunan Elam, in daina kai wa masu aski, su ba ni dala ɗari biyu. Na ce ya juya motarsa a hankali kada ya taka min kaji.

Amma ina son sayarwa, ƙarya ba kyau. Gwiwa ta soma hana ni hawa jirgin fito, ziyarar da nake kai wa ƙanwata Lovina a ƙetare duk farkon wata ta zama azaba. Ni kaɗai na san sana'ar ta kusa mutuwa. In ban matse abin da zan ci har kabari daga aljihun yaron nan ba, gidan gajiyayyu na gari zan ƙare.

Zuwansa na biyu a shagon Asa muka haɗu, ranar Asabar, benci cike da masu jiran aski. Asa ya zaunar da shi, ya kwashe masa gemu, ya shafa masa na kamfani a kunci ɗaya, nawa a ɗaya, bai gaya masa wanne ne wanne ba.

"To, yallaɓai, wanne ya fi?"

Crane ya lumshe ido, ya daɗe, sannan ya taɓa kuncin dama. "Wannan. Ya fi sanyi, ba ya cizo. Shi ne namu."

Shago ya kece da dariya, har wani tsoho ya ƙware da taba. Na dama nawa ne.

A waje ya rage murya ya ce masaninsu ya gwada ruwana sau uku, ya kasa gano abin da nake ƙarawa. Na ce su sallame shi su ɗauki mai hanci. Ya ce ɗari biyar. Na ce ya gaishe min da mutan gida.

A karo na uku gida ya same ni, ba murmushi. Ya ce maigidansa ya yarda da ɗari takwas, amma sai ya ga tukunyar da idonsa. Kafin in ɗauki sanda ya nufi rumfar Elam. Na bi shi ina jan ƙafa. Ya tsaya yana kallon tudun, hazal ya yi duhu har ya rufe hanya, ko'ina fure rawaya.

"Wa ke sare miki ne, matar Elam?"

"Wanda ke sare min ya iya riƙe ƙarfe. Ba irin mai yi maka aski ba."

Ya kai hannu kan kwaɗon ƙofa, tsatsa ta ɓata masa yatsu. Na ɗora sandata a kan hannun nasa.

"Elam bai bar namiji ya leƙa nan ba yana raye, ba kuwa kai za ka fara ba. Ka ja kwaɗon nan, ciniki ya mutu. Kuma ranar Asabar kowane shago zai ji yadda ɗan kamfani ya zaɓi ruwan gwauruwa, da bakinka, gaban shaidu."

Ya dube ni, ya dubi yatsunsa. Ya zaro hankici.

"Sirrin fa?"

"Da shi za a binne ni. Suna kake saye, da hutuna, kuma ɗari takwas ba za su saye su ba."

Washegari ya zo da takarda. Asa ya karanta min sau biyu, ni kuma na duba lambobin da kaina, su ba sa yi min gardama. Na zana sunana a hankali, yaron yana ta gumi kamar shi aka yi wa alfarma.

Tukunyar Elam tun satin jana'izarsa na sayar da ita na biya akwatin gawa. Shekara bakwai ruwan kamfaninsu nake sayowa galan-galan a kantin da ke bayan gidan Lovina, in juye a kwalabenmu, kuma don in daina yi musu wannan hidima suka roƙe ni da dala dubu da ɗari biyu, na karɓa.