Hannun Mai Turare a Ruwan Murjani

Tun da ka shigo kana huci kana lissafo waɗanda suka ɓata maka al'amari, zauna ka ji abin da ya sami wani mai sayar da turare. Mutumin nan Allah ya buɗa masa, sai ya ɗauko wata sha'awa da ba a saba gani ba a unguwarsu. Ya kafa ƙaton akwatin gilashi a falonsa, ya cika shi da ruwan gishiri irin na teku, ya zuba 'yan kifaye, ya dasa murjani mai rai a tsakiya. Murjanin nan da mata ke ratayawa a wuya, kafin ya zama abin ado halitta ce mai rai, mai rassa kamar 'yar bishiya, da wata siririyar fata lulluɓe da farin ƙashi. Nasa ja ne jawur, yana ji da shi kamar tsoka ɗaya a miya. To amma ga inda gizo ke saƙar. Bawan Allahn nan wuni yake yana ɗura madarar turare a kwalabe, yana shafa wa masu saye a bayan hannu, ruwan alwala kuwa ba ya fid da irin wannan maiƙo. Hancinsa ya daɗe da daina jin ƙanshin, shi a ganinsa hannunsa tas yake. Da wannan hannun yake dawowa gida ya tsoma a ruwa ya gyara wa murjani zama.

Ran nan sai ya ga reshe ɗaya ya yi fari, fatar ta saɓule, ƙashi a waje. Ransa ya yi mummunan ɓaci. Ya zura hannu ya juya reshen, ya murza gefen ciwon da babban yatsa, wai yana so ya gane ko cizo ne ko ruɓa. Kashegari daidai inda ya murza nan ma ya yi fari. Don Allah ko makaho ai ya laluba ya gane, amma ina, mutum in ya riga ya wanke kansa ba ya gani. Ya hangi wani ɗan kifi mai ruwan ɗorawa yana shawagi kusa da ciwon, ya ce ga ɓarawon nan, ya kamo shi da rariya ya jefa wa kyanwa. Ciwo bai tsaya ba. Ya buga waya ga mutumin Ikko da ya sayar masa da murjanin, ya wanke shi tas, ya ce macuci ne, mai cuta ya haɗa shi da shi. Ya sauya fitilar akwatin, ya sauya ruwa, ya ƙara gishiri ya rage, kowane gwaji kuma sai hannun nan ya nutse har gwiwa. Da abin zargi ya ƙare a waje, sai ya juyo kan matarsa, baiwar Allah da ta yi shekara da shekaru tana turara masa ɗaki yana yabawa. Ya yi jifa da kaskon turaren wutarta, ya ce hayaƙinta ne ke kashe masa murjani. Ta buɗe baki za ta gaya masa wani maiƙo da take gani a saman ruwan duk sa'ad da ya zare hannu, ya daka mata tsawa, ya ce me ta sani game da teku, ita da ko kududdufi ba ta taɓa tsallakawa ba. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta tsince fasasshen kaskonta ta fita.

Ana nan sai tafiyar saro kaya ta taso masa. Ya gindaya mata sharaɗi: ta riƙa watsa wa kifi abinci daga sama, kada ta kuskura ta taɓa ruwan, kada kuma ya ji labarin hayaƙi. Ya yi makonni ya dawo, jikinsa jiƙe da sababbin turarukan da ya yi ta gwadawa a wurin sari. Ko zama bai yi ba ya nufi akwatin, sai ga fatar murjani ta fara rufe ƙashi, jan nan yana dawowa daga gefe-gefe. Ya ƙwala mata kira yana washe baki, yana cewa ta zo ta ga amfanin hana hayaƙinta. Kafin ta ƙaraso ya naɗe hannun riga ya tsunduma, ya cafko murjanin zai nuna mata. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dube shi, ta ce, "Maigida, tun ranar da ka sa ƙafa ka fita ban fasa turara ɗakin nan ba, safe da yamma. Abu ɗaya ne bai shiga ruwan nan ba, shi ne wanda ke ciki yanzu." Ya sunkuya ya duba, ga maiƙo yana bazuwa daga tsintsiyar hannunsa yana rufe fuskar ruwan. Ya saki murjanin, amma aikin gama ya gama, abin da bai gama warkewa ba bai iya ɗaukar wannan damƙar ba. Kafin Juma'a ta zagayo fatar ta saɓule gaba ɗaya, sai farin ƙashi fat a tsakiyar akwati. Ya tsaya a gabansa yana zazzare ido, babu kifin da zai jefa wa kyanwa, babu wanda zai buga wa waya ya zaga.

Shi ya sa Hausawa suka ce, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.