Tazarar Ɗan Fari

Tun da kowane gida a Gumel ya mallaki jirgin sama, dokar sauka ɗaya ce: ka hango na gabanka, ka faɗi sunan matuƙinsa, sai tazarar da ke tsakaninku ta koma wuyanka.

"Hajiya Kande, wa ke gabanki?" in ji Malam Tanimu mai kula da sauka.

"Wancan ne, mai shuɗin jirgi."

"Suna nake so, Hajiya, ko ki sake kewayowa."

Ta dubi allurar mai, ta kusa kwantawa. Amma na gaban ɗanta ne na fari, bakinta bai taɓa kama sunansa ba.

Sai ga muryar ɗan a rediyo, yana dariya: "Malam, bar ta ta sauko. Shekara talatin tana lura da ni daga nesa. Wa zai koya mata tazara?"